Fuskar da Illo Wanzami Ya Ƙi Tsagawa

Illo Wanzami bai san shekarar da aka haife shi ba. Ranar da ya zo biro, wato ofishinmu, a yi masa takardar ɗan ƙasa, cikin 1964, na tambaye shi, ya ce uwarsa ta gaya masa shekarar da fara ta ci gero ce. Na ce shekarun fara suna da yawa. Ya ce to in zaɓa masa wadda ta fi kyau. Na rubuta wajen 1920, ya dangwala yatsa, daga nan muka saba. Ni ne mai rubuta haihuwa da aure da mutuwa a Madarunfa, shi kuma duk gidan da aka haihu a unguwarmu sai ya shiga, saboda haka ayyukanmu suna yawan haɗuwa a ƙofa ɗaya.

Ɗan wanzaman garin Gabi ne, gado ya yi. Ya dawo Madarunfa shekara biyu bayan samun mulkin kai, lokacin da tsohon wanzamin unguwar bakin tabki ya rasu bai bar ɗa namiji ba, gidajensa suka koma hannun Illo. Gajere ne, mai manyan hannuwa, kuma sanƙo ya share masa kai tun yana saurayi, abin da ya sa masu zuwa aski ba su rasa abin tsokanarsa. Wurin zamansa gindin bedi, itacen dogon yaro, da ke tsakanin biro da hanyar kasuwa. Kayansa ba su canza ba tun da na san shi: tabarma, zabira, askake huɗu, ƙahoni uku, da ƙoƙon ruwa.

Illo mutum ne mai surutu. Yana aski yana ba ka labarin wanda ya riga ka zama, in ka tashi kuma ya ba na bayanka naka. Wuri ɗaya kaɗai yake yin shiru. Kafin aska ta taɓa kan mutum, sai ya jiƙa kan, ya rufe ido, ya bi shi da tafin hannu sau biyu, daga goshi zuwa ƙeya. Da yawa sun ɗauka addu'a yake yi. Na taɓa tambayarsa, ya ce a'a, hanya yake dubawa, don ubansa ya koya masa kada aska ta je inda hannu bai riga ta zuwa ba.

Yana da taubashiya a unguwar, Tani mai suyar kifi. Ubanta da uwar Illo ciki ɗaya suka fito, don haka ita ɗiyar namiji ce, shi ɗan mace, ba ta kiransa da komai sai bawana. Shi kuma ya ce mata uwar ɗakina, da wata murya da kowa ya san ba girmamawa ba ce. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta guda, Alhassan, masunci ne, ba shi da gona sai komar kamun kifi da ɗan kwalekwale, gidansu kuma ɗaki biyu ne da rumbu cikin dangar kara.

Ranar Talata, 9 ga Maris 1976, aka yi sunan ɗan farin Alhassan da matarsa Asma'u. Aka sa masa Mamman. Ina wurin, don maƙwabta muke, kuma ni zan shigar da sunan a littafi. Bayan an shafa fatiha Tani ta fito da jaririn bakin ƙofa, inda Illo ya shimfiɗa tabarma. Aiki uku ke jiransa kamar yadda aka saba: ya aske gashin haihuwa, ya cire beli a maƙogwaro, ya tsaga wa yaron askar gidansu a kumatu.

"Bawana, yi maza rana na yi," in ji Tani. "Ka yi wa angona ado, 'yan mata na jira."

Illo ya yi askin. Yaron ya fara kuka, sai kukan ya tsinke tsakiya, leɓunansa suka yi shuɗi kamar an shafa masa baba, jikinsa ya saki. Can ya ja numfashi ya dawo. Illo ya buɗe ɗan hannun ya dubi farcen, ya daɗe yana duba, sannan ya goge askarsa ya mayar zabira.

"Yau aski kaɗai," ya ce.

"Belin fa? Askar fa?"

"Sai ya yi ƙwari."

"Kai dai ka ce tsufa ya kama ka, hannu ya fara rawa."

"Uwar ɗakina, ki kawo naki kumatun ki ga ko yana rawa. Wannan yaron ba shi da jinin da zai ba ni."

Aka yi dariya, aka ci goro, aka watse. Amma yaron bai yi ƙwari ba. In ya kama nono sai ya yi tsotso kaɗan ya saki, gumi ya rufe masa goshi. Tsaransa suka zauna, suka yi rarrafe, shi yana kwance a cinya. Tani ta ce belin da aka bari ne ke shaƙe shi, kuma kusan kowace Juma'a sai ta tsaya gindin bedi da tiren kifinta ta faɗa wa Illo haka a gaban jama'a. Shi kuwa ya ce ya cire beli ya fi gashin kanta yawa, bai taɓa ganin belin da ke sa farce shuɗi ba.

Illo ne ya tasa Alhassan gaba zuwa gidan likita. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya duba yaron ya rubuta musu takarda zuwa Maraɗi. A can wani lokotoro, babban likita, ya saurari ƙirjin, ya yi masa hoto, ya yi wa Alhassan bayani. Ya ce zuciya kamar gida ce mai ɗakuna, bangon da ke tsakanin ɗaki biyu na zuciyar Mamman yana da kafa, hanyar da jini ke bi zuwa huhu kuma ta ƙuntata. Babu maganin sha da zai gyara wannan, sai an buɗe ƙirji an ɗinke, kuma ba a yin irin aikin a Maraɗi ko Yamai. In an bar shi haka, ba lallai ya kai shekara biyar ba.

Sai dai lokotoron ya san wata ƙungiyar taimako a ƙasar Turai, ta mutane masu neman lada, da ke ɗaukar 'ya'yan talakawa masu irin wannan ciwo. Su ke biyan jirgi, su ke biyan aiki, wasu iyalai a can su riƙe yaro har ya warke a dawo da shi. Ba a neman komai wajen iyaye sai takardar haihuwa, da hoto, da yatsan uba a kan takardar yarda. Lokotoro ya rubuta musu, muka yi ta jira.

Amsa ta iso tebur ɗina ranar Litinin, 11 ga Afrilu 1977. An samar wa Mamman wuri. Wata ma'aikaciyar jinya za ta tashi daga Yamai da yara ranar Lahadi 24 ga wata, don haka dole ya bar Madarunfa ranar Alhamis 21. In bai zo ba za a ba wani yaron wurin, kuma ba su san lokacin da za a sake samu ba. Sharaɗi biyu suka sa. Yaro zai tafi ba tare da uwarsa ba, kuma kada a kawo shi da zazzaɓi ko wani ciwo a fata.

Washegari Alhassan ya zo biro, na buɗe masa tawada. Ya dubi takardar, ya dubi yatsansa, ya ce, "Malam, Inna ba ta yarda ba."

Alhassan ba yaron da zai tsallake maganar uwarsa ba ne. Asma'u kuwa ɗan farinta ne, kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki a kansa gaban suruka ba, ko sunansa ba ta faɗi. Abin da matata ta gaya mini kawai shi ne, tun daren da labarin ya zo ta wanke rigunansa biyu ta ninke ta ajiye a ƙwarya.

Na je na sami Tani tana gyaran kifi. Na zaci yankan ne ke ba ta tsoro, ashe ba shi ba ne. Ta ce ita cikin wanzamai ta tashi, ta san ana yanka mutum ya tashi. Abin da ya tsaya mata, ta tambayi majo yara nawa ne a gidan da za a kai shi, majo kuma bai ɓoye mata ba, ya ce suna da yawa, daga ƙasashe daban-daban, galibi baƙaƙe.

"To ka ji, Malam. Yaro ba ya magana, bai san sunan ubansa ba, fuskarsa fayau. Ni ko ƙwaryata ba na kaiwa gidan biki sai na yi mata shaida. In sun gama su miƙo mini ɗan wasu, in ce mi? Nawa kuma yana can wata ƙasa yana kiran wata Inna."

Na ce akwai hoto, akwai lamba, har abin hannu ake ɗaura wa yaro da sunansa.

"Kai da ke rubuta lamba kullum, ba ka taɓa kuskure ba?"

Na ce na taɓa, sau biyu.

"To."

Sharaɗinta ɗaya ne. A tsaga wa Mamman askar gidansu, ko a ina aka gan shi a san ɗan waye, sannan Alhassan ya dangwala. Illo ya ce ba zai yi ba. Tsagar ba za ta warke cikin kwana tara ba, lokotoro zai mayar da yaron daga bakin mota, in ma yaron ya jure askar ke nan.

Tani ba ta yi gardama ba, ta aika garin Safo aka ɗauko mata wani wanzami a amalanken jaki, ranar Asabar. Sai dai ta manta da ƙa'idar masu sana'ar. Baƙon wanzami ba ya buɗe zabira a gidan da ke da wanzaminsa sai ya je ya gai da mai gidan ya nemi izini. Mutumin ya sauka gindin bedi, Illo ya karɓe shi da fura, ya raka shi har gidan Tani, ya buɗe masa hannun yaron ya nuna masa farcen. Na Safo ya duba, ya ce Allah ya ba da lafiya, ya ci soyayyen kifi biyu na Tani, ya hau amalankensa ya koma.

Ranar Litinin 18 ga wata, saura kwana uku, Tani ta zo gindin bedi ba tare da tire ba. Ina zaune ana yi mini gyaran fuska.

"Bawana, ka haɗa baki da ɗan'uwanka kun cinye mini kifi. To ka sani, babu aska babu tafiya."

"Uwar ɗakina, aska ta masu ido ce. Ni ba na bukatarta. Kan yaron nan sau goma sha uku ina aske shi, ko cikin buhu aka sa shi da yara ɗari zan zaro shi."

"Ƙarya kake yi."

"Gwada ni."

Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta faɗi yadda za a yi. Gobe da hantsi, a tsakar gidanta. Ita za ta ɗaure masa ido da hannunta. Za a kawo yara tsaran Mamman, ita za ta riƙa miƙo su, kansu kaɗai zai taɓa, ban da jiki. In ya gane Mamman, Alhassan ya dangwala. In ya kuskure, ko ya kira ɗan wani Mamman, maganar tafiya ta mutu, kada wanda ya sake tayar mata da ita.

Illo ya ce ya yarda. Da ta tafi na ce masa, "Illo, ka san abin da ka ɗora a kan wannan wasa?"

"Na sani, Malam."

"Ka taɓa gwadawa?"

"Ban taɓa ba. Ɗaga haɓarka."

Da hantsin Talata gidan Tani ya cika har bayan danga. An kawo yara takwas, Mamman na tara. Tani ta karɓi rawanin limamin unguwa ta naɗe wa Illo fuska har sau uku, ta ja ƙulli sai da ya ce a bar masa hanci. Ta hana iyaye mata yin magana. Sannan ta sa 'yan mata biyu suka hau dakan gero kusa da shi, don kada ya ji numfashin Mamman, wanda ko daga ƙofa ana jinsa. Ni aka ba aikin rubuta jerin yaran da abin da zai faɗa. Alhassan ya tsuguna jikin rumbu ya sunkuyar da kai.

Tani ta miƙo na farko. Illo ya tsoma hannu a ƙoƙo, ya bi kan sau biyu.

"Ɗan gidan mai gishiri. Ƙeyar ubansa ce, kamar gefen akushi."

Daidai. Na biyu ma daidai, har ya ƙara da cewa uwar ta bar shi ya faɗo daga gado, ga ƙullutun nan. Uwar ta rufe baki da gyale. A na uku Tani ta ɗaga wa mutane hannu su yi shiru, ta ɗauko wani duma da ta ɓoye bayan turmi, ta rungume shi kamar jariri ta miƙa. Illo ya shafa, ya sake shafawa, ya ɗan ƙwanƙwasa da yatsa.

"Wannan ɗan'uwan uwar ɗakina ne na jini. Kan sumul, ciki babu komai."

Sai da masu daka suka ajiye taɓare don dariya. Tani ta buga masa duman a kafaɗa ta ce su ci gaba da daka.

Aka yi na gaba da na gaba. A karo na shida hannun Illo ya tsaya. Jikan ƙanwar Tani ne, da gangan ta sa aka ɗauko shi daga ƙauye, kuma shi ma Illo ne ya yi masa askin suna amma daga nan bai sake taɓa kansa ba. Ya bi kan sau biyu, ya sake jiƙa hannu, ya bi na uku, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Dariya ta ɗauke. Na ga gefen labulen ɗakin Asma'u ya motsa.

"Jinin gidan nan ne," in ji Illo a hankali. Ya kai yatsa bayan kunnen yaron ya laluba. "Amma ba shi ba ne. Wuce da shi."

Tani ta miƙo na bakwai, ya faɗi gidansu. Ta miƙo na takwas. Hannun bai ko kai ƙeya ba ya ce, "Sannu ango. Sun wahalar da kai da jira."

Alhassan ya tashi tsaye. Mata suka fara guɗa, Tani ta tsawatar musu.

"Tsaya tukuna. Yau ka gane shi. Kai kuwa girma yake yi. In ya yi wata da watanni yana cin abincin Nasara fa?"

Illo ya kwance rawanin ya ce akwai abin da ke girma, akwai abin da ba ya canzawa. Ya kama hannun Tani ya ɗora bayan kunnen hagu na yaron, inda ƙashi ya yi ɗan tudu kamar ƙwayar wake. Ya nuna mata tsakar kai, inda gashi ke juyawa wuri biyu maimakon ɗaya. Ya nuna saman kunnen dama da ya ɗan naɗe ciki. Tani ta ce in rubuta duka ukun. Na rubuta da Hausa da Faransanci, na koma biro na buga hatimi, ta ninke takardar ta ƙulle a bakin zanenta. Alhassan ya dangwala yatsa da ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in.

"Ranar da aka dawo da shi zan sake ɗaure maka ido," ta ce wa Illo. "Kada ka mutu kafin nan."

"In na mutu wa zai riƙa gaya miki gaskiya?"

Ranar Alhamis da safe Illo ya yi wa yaron aski, motar gidan likita ta ɗauke shi da uwarsa zuwa Maraɗi. Da la'asar Asma'u ta dawo ita kaɗai, da zanen goyon a ninke a hannunta. Ta gai da mu a ƙofa ta shige. Kwana biyu ba a ji ana suya a gidan ba.

Wasiƙa uku suka zo cikin wata goma, ni nake karanta musu. Ta farko ta ce ya isa lafiya, ana ciyar da shi ya ƙara nauyi kafin a taɓa shi. Ta biyu ta ce an yi aikin ranar 7 ga Yuni, kuma ya yi kyau. Alhassan ya raba kifin da ya kama ranar sadaka. Illo ya sa na maimaita masa wasiƙar sau biyu, yana son ya ji irin askar da aka yi aiki da ita, da kuma mutum nawa suka danne yaron. Na ce ba a danne shi ba, barci aka sa shi, bai san ana yi ba.

"Au, yana barci?" in ji Illo. "Haka ai kowa ma zai iya."

Ta uku ta zo da hoto, wani yaro mai kumatu zaune a kujera mai dogayen ƙafafu, da cokali a hannu. Tani ta juya hoton sama da ƙasa ta ce duk yaron da ya ƙoshi kamarsu ɗaya, ita sai an gwada.

An dawo da shi ranar Asabar, 25 ga Fabrairu 1978, saura kwana biyar ya cika shekara biyu. Majo ne ya je Maraɗi ya karɓo shi. Tun da sassafe Illo ya shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Tani, ya jera ƙoƙo da aska, har rawanin ɗaure ido ya zo da nasa, wai na liman warin turare ya cika masa. Tani ta zauna a kan turmi da takardar a cinya. Ta riga ta sa an tara yara.

Majo ya shigo da wani ƙaton yaro a kafaɗa, gashi cunkus, da takalma masu igiya. Yaron ya ga taron ya ƙanƙame wuyan majo. Alhassan ya miƙa hannu, ya kau da kai. Asma'u tana bakin ɗakinta, rabin fuskarta a bayan labule.

"Kada wanda ya ɗauke shi," in ji Tani. "A ajiye shi nan cikin yara, a ɗaure wa bawana ido."

Majo ya sauke shi a kan tabarma. Yaron ya tsaya da ƙafafunsa, mu kuwa ko zaune ba mu taɓa ganinsa ba sai an tallafe shi. Ya waiga, ya hango ɗan akuya jikin rumbu. Ya yi wata 'yar ƙara, ya zura da gudu.

Ɗan akuya ya zagaya rumbu, yaron ya bi shi. Illo, da rawani rataye a wuya, ya tashi ya bi yaron yana cewa a tare masa. Ba wanda ya tare. Suka zagaya sau ɗaya, suka zagaya sau biyu, akuya a gaba, yaro a tsakiya, wanzami a baya yana haki. Alhassan ya bi leɓen yaron da ido, ni ma shi nake kallo. Bai yi shuɗi ba.

A zagaye na uku muka ji Tani ta fashe da dariya. Ta yi ta yi har ta zamo daga kan turmi, hawaye na zuba, tana nuna yaron da takardar.

"Ku dubi ƙafar hagun nan yadda yake wurga ta waje. Ku dubi kafaɗar, ita ke riga shi isa. Wallahi gudun marigayi ne. Haka ya yi ranar da kwalekwalensa ya kwance ya bi ruwa."

Tsofaffi biyu da ke bakin ƙofa, abokan kamun kifin mijinta, suka leƙo suka duba. Ɗaya ya ce babu ko shakka, duk bakin tabki mutum ɗaya aka yi mai gudu kamar agwagwa ta ga wuƙa, ga shi an sake.

Illo ya tsaya ya dafa rumbu. "To a kamo shi mana a yi abin da aka taru a yi."

"Bar mini angona ya yi gudunsa. Shekara biyu yana kwance."

"Ni fa? Tun jiya nake wasa aska."

"Ka aske akuyar." Ta juya wajen labule. "Ke Asma'u, fito ki kama ɗanki. Yau na ɗauke miki kunya, gobe kya ci gaba."

Asma'u ta fito. Da farko tafiya take yi, sannan ita ma ta sa gudu, ta cim masa bayan rumbu ta sure shi. Ya yi kuka, ya ture ta, ta ƙi saki. Ta zauna da shi a ƙasa tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, ba mu ji me take cewa ba, har ya gaji ya kwantar da kai. Maganar tsaga fuska ba ta sake tashi a gidan ba, daga ranar har yau.

Da ya yi barci Illo ya matso ya roƙi a ɗaga masa rigar. Tabon ya sauko miƙe daga ƙasan wuya zuwa saman ciki, ya warke sarai. Illo ya durƙusa ya daɗe yana duba shi, ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya auna tsawonsa da yatsu.

"Yaya ka gani, Kawu?" in ji Alhassan.

"Hannunsa ba laifi," in ji Illo. "Ya san aiki. Amma da ni ne da ban kai shi tsawon haka ba."

"Kai da ka kasa kama ɗan shekara biyu," in ji Tani. "Naɗe tabarmarka ka zo ka hura mini wuta, mutanen nan kifi za su ci."